Wai sabon batir ma sai an yi masa rajista?

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. A taimaka mini da shawara. Motata BMW ce E90, 325i ta 2006, 'yar Kwatano, shekara uku ke nan tana hannuna. Cikin wata goma sha huɗu na sayi batir biyu. Na farko ya yi wata tara ya mutu. Na biyun watansa biyar yanzu, ya fara jan ƙafa da safe, in na danna maɓalli sai kik ya yi gurnani kafin ta tashi, agogo kuma ya goge sai na sake saita shi. Jiya na kai ta wurin wani yaro mai kwamfuta, ya ce wai laifina ne, ban yi wa batirin rajista ba. Na ce rajista kuma? Lambar mota ce ko katin zaɓe? Don Allah masana, akwai wannan abin, ko yaron ya ga Alhaji ne ya ga abinci?

Direban Hadeja: Wa alaikumus salam. Alhaji riƙe kuɗinka. Shekara ashirin da biyu ina tuƙi, daga 504 zuwa Golf 3 zuwa Sharon, ban taɓa jin an yi wa batir rajista ba. Ka cire tsoho, ka ɗaura sabo, ka ɗaure kai, ka yi bismilla. Yaran nan tunda suka samu kwamfuta komai sai sun ce sai an saita.

Maman Ilham: Ni ma Corolla ɗina ta 2010 sau uku ana canza mata batir a bakin titi, ko kashe waya ban yi ba aka gama. Lafiyarta ƙalau.

Rewayan Panteka: Direba da Hajiya duk gaskiyarku, amma a kan motocinku. Corolla 2010 da Golf 3 ba ruwansu da rajista, domin altanetonsu caji kawai yake bayarwa, bai san wane batir ke gabansa ba, bai kuma damu ya sani ba. Motar Alhaji daban ce. Baban Hanif, kafin mu yi nisa buɗe but, ɗaga murfin gefen dama inda batirin yake, ka duba kan baƙi, wato na negatif. Akwai wani ɗan ƙaramin akwati manne da shi, da siririyar waya ta fito daga jikinsa? Ɗauko hoto ka turo. Ba kowace E90 ke da shi ba, shi ya sa nake tambaya.

Baban Hanif: Akwai, ga hoton nan. Ni da na zata fis ne.

Rewayan Panteka: To wannan shi ne IBS. Aikinsa ya riƙa auna abu uku ba dare ba rana: ƙarfin wutar batir, yawan wutar da ke shiga da fita, da zafin batirin. Yana kai rahoto ga ƙwaƙwalwar inji, ita kuma ta umarci altaneto ya ƙara caji ko ya rage. Motar tana riƙe da lissafin batirin tun ranar da aka ɗaura shi, ta san ya tsufa, ta san ya daina ɗaukar caji kamar da. In ka saka sabo ba ka gaya mata ba, za ta ci gaba da mu'amala da shi a matsayin tsohon nan. Rajistar ke nan, gaya mata cewa an yi sabon baƙo, ta share tsohon lissafi ta buɗe sabon shafi, ta kuma rubuta kilomitar da aka canza. Aikin bai kai minti biyar ba.

Direban Hadeja: To in ita ce mai wayon, me ya hana ta gane da kanta an canza? Motar da ta san zafin batir ba ta san sabo ba ne?

Injiniya Zazzau: Tambayar Direba tana da kyau, kada a yi mata dariya. Abin da ya sa shi ne cire kan batir ba hujja ba ce ta cewa an canza shi. Rewaya yakan cire kai don zai taɓa kik, mai walda yakan cire, wani ma yakan cire don zai yi tafiya ya bar motar wata guda. Da duk cirewa motar za ta ɗauka sabo ne, da lissafinta ya lalace tun tuni. Sannan sabon batir da ya daɗe a shago cajinsa ya sauka, da tsohon batir da aka cika daren jiya, in ka ɗora mita a kansu tsohon ma zai iya fin sabon lamba. Bambancinsu ba ya fitowa sai an daɗe ana aiki da su. Shi ya sa aka bar wa ɗan Adam ya faɗa mata da bakinsa.

Amma ni ba zan ce rashin rajista kaɗai ne ya kashe wa Alhaji batir cikin wata tara ba. Yana rage masa kwana, wannan haka ne. Wata tara dai ya yi kaɗan. Akwai wata a ƙasa.

Rewayan Panteka: Nan na dosa, Injiniya. Alhaji, me aka rubuta a jikin batirin da ke ciki yanzu? Kuma wanda motar ta zo da shi daga waje, ka tuna launinsa?

Baban Hanif: Na yanzu an rubuta girmansa 75Ah, irin mai ruwan nan ne. Wanda ta zo da shi baƙi ne, dogo, ya cika gurbin tam. Mai batir ya karɓe shi ya rage mini kuɗi. Wannan na yanzu har katako aka cusa a gefe don kada ya yi rawa.

Rewayan Panteka: Inna lillahi. Katako! To ga zancen ya fito. Batirin BMW na asali in baƙi ne yawanci AGM ne, wato rufaffen batir da ba a ƙara wa ruwa, farin shi ne mai ruwa. Wanda ya cika gurbin nan kuma ina kyautata zaton 90Ah ne. Ke nan a ƙwaƙwalwar motarka an rubuta AGM mai 90, kai kuma ka ba ta mai ruwa 75. Iri ya saɓa, girma ya saɓa, shekaru sun saɓa. Kamar a ce maka buhun nan kwano arba'in yake ci, ka yi ta aunawa da wannan lissafin, alhali ƙaramin buhu aka ajiye maka.

A nan ne mutane ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Rajista daban, kodin daban. In ka mayar da irin wanda ka cire, girma ɗaya iri ɗaya, rajista kawai za a yi. In ka sauya iri ko girma, sai an fara shiga an canza rubutun da ke cikin motar ya dace da abin da ka saka, sannan a yi rajista. Yaro da yawa rajistar kawai ya iya, ya danna, kwamfuta ta ce an gama, ya karɓi kuɗi, motar kuma tana nan tana lissafin 90.

Baban Hanif: To ai sai a rubuta mata 75 ɗin a huta.

Rewayan Panteka: Babu 75 a jerin nata, Alhaji. Akwai 70, akwai 80, akwai 90. Mu kuma kasuwarmu 62 da 75 da 100 suka cika ta. Sai dai a zaɓi na kusa. Ni in dole ce nakan zaɓi na ƙasa, 70, gara motar ta raina batirin da ta ɗora masa abin da ba zai iya ba.

Injiniya Zazzau: A nan kam masu aikin sun rabu, wasu na kusa suke ɗauka ko sama ko ƙasa. Bambancin 5Ah ba shi ne zai kashe batir ba. Wanda ya fi damuna shi ne iri. AGM ruwansa a tsotse yake cikin wani abu kamar audugar gilashi tsakanin farantan dalma, a rufe yake, ba a ƙara masa ruwa. Yana jure sauka da hawa fiye da mai ruwa, amma ba ya son caji ya wuce bolt 14.8, in ya wuce sai ya bushe, kuma in ya bushe shi ke nan. Mai ruwa yana da nasa tsarin. In motar tana zaton wannan ne alhali wancan ne, ba ta taɓa cajinsa daidai.

Maman Ilham: Ku dakata. Duk wannan wahalar a kan batir? Allah ya bar mu da Toyota.

Ɗan Maraɗi: Hajiya kada ki yi saurin murna. Sabbin motoci masu kashe kansu a danja su sake tashi, ko na Japan ne, da yawansu suna da irin wannan na'urar a kan batir, kuma batirinsu EFB ne, wato mai ruwa da aka ƙara wa juriya, ko AGM. Abin yana tafe, layi ne bai zo kanki ba. Ni Passat gare ni ta 2012. Mu a wajen Volkswagen da Audi lamba ake shigarwa, ana ce mata BEM, tana jikin takardar da ke manne a batirin asali: girman batir, harufa uku na kamfanin da ya yi shi, da lambar siriyal. Da na sayi batir a nan babu wannan takardar, sai mai gyaran ya shiga da VCDS, manhajar duba motocin Volkswagen da Audi, ya saka girman daidai, ya canza lamba ɗaya tak a ƙarshen tsohuwar siriyal. Da motar ta ga siriyal ta sauya sai ta ɗauka sabo ne. Shekara ta uku ke nan.

Direban Hadeja: Kun ji ko! Ƙarya aka yi wa motar ta yarda. Motar da ake yaudara da lamba ɗaya ita ce za ta koya mini caji?

Ɗan Maraɗi: Ba ƙarya ba ce Malam Direba, ai sabon ne da gaske. Suna kawai aka ara masa.

Abban Sadiq: Masu Ford ku matso in ba ku kyauta. Edge ɗina ba na kai ta wurin kowa. Ka kunna makulli ba tare da ka tada inji ba, ka yi filashin babbar fitila sau biyar, ka taka birki ka saki sau uku, ka jira 'yan daƙiƙu. Fitilar batir a dashbod za ta yi ƙiftawa sau uku. An gama. Yana yi a Ford da yawa, ban ce duka ba. In bai yi ba sai manhajar duba Ford mai suna FORScan.

Baban Hanif: Ni ma in gwada a tawa?

Abban Sadiq: Ko ka kwana kana taka birki ba za ta yi ba, Alhaji. Bajamushiya ba ta jin wannan yaren.

Injiniya Zazzau: BMW sai da na'ura. Manyan gareji manhajar kamfanin BMW mai suna ISTA suke amfani da ita. Amma in kana da ɗan abin da ake soka wa a ramin OBD, inda ake haɗa kwamfuta da mota a ƙarƙashin sitiyari, akwai manhajojin waya kamar BimmerLink da Carly da ke yin rajista. Na'urorin sikanin irin su Launch da Autel da yaranmu ke yawo da su ma yawanci suna yi. Kawai ka tsaya a kansa ka ga me motar ta rubuta a matsayin girma da iri kafin ya danna komai.

Oga Fanel Bita: Ni fa ina da gajeriyar hanya. Motoci nawa na gani an zare wayar wannan IBS ɗin an huta? Maƙwabcina rewaya haka yake yi, mota ta tashi lafiya, mai ita ya tafi yana godiya.

Rewayan Panteka: Oga, kai da guduma aka sani, bar mana waya. Gaskiya ne in ka zare shi motar za ta tashi, altaneto ya koma caji na bai ɗaya kamar tsohuwar mota, ta kuma ajiye lambar matsala a ƙwaƙwalwa. Mu ma muna zarewa, amma don gwaji. IBS in ya lalace, musamman in ruwa ya shiga but, yakan hana motar barci, ta yi ta farkawa cikin dare tana shan batir. In na zare na ga shan ya tsaya, na gane shi ne, sai in nemo wani. A injin Alhaji ma layin da IBS ke magana a kansa shi ne na altaneto da famfon ruwa na lantarki da na'urar auna man inji, don haka in ya rikice yakan ja sauran su yi ta kawo ƙara. Amma a zare lafiyayye a jefar don kawai ba a iya rajista ba? Motar ta daina sanin lokacin da za ta kashe wasu kaya don ta tanadar maka wutar tashi da safe. Ka cire mai gadi ne don yana yawan tambaya.

Direban Hadeja: Ni dai har yanzu ban gamsu ba. Zafin garin nan kaɗai ya isa ya kashe batir. Watan Afrilu a Kano ana haura digiri 40, mota a rana tun safe. Ku ce zafi ne mu yarda.

Injiniya Zazzau: Wannan kam ka faɗi gaskiya, kuma ba ta karo da tamu. Zafi shi ke cin batir a ɓoye, sanyin hunturu kuma ya zo ya tona asiri, shi ya sa layin masu batir ke cika a Disamba da Janairu. To batirin da zafi ke ci, ka ƙara masa cajin da bai dace da shi ba, ka ga an haɗa masa biyu. Wanda ke ƙasa mai sanyi zai iya yin sakaci da rajista ya sha shekara uku bai ji komai ba. Mu ba mu da wannan rarar.

Hajiya Babba: Ina ta karatu ban ce komai ba. Baban Hanif, tambaya ɗaya: akwai tiraka a motar, wato na'urar bin sawun mota? Kuma kullum kake hawanta? Domin X5 ɗin maigidana haka ta yi ta cin batir, aka yi rajista, aka yi kodin, aka canza IBS, ashe wata tiraka ce da dillalin ya saka tun kafin mu saya, an ɗaura ta kai tsaye a kan batir. Shi kuma sai Juma'a yake fita da ita.

Baban Hanif: Hajiya kin taɓo wani wuri. Akwai tiraka, ni na sa aka saka watannin baya. Kuma gaskiya ofis ɗina ba nisa, minti bakwai ne, da AC da fitila in na dawo da dare.

Rewayan Panteka: Allah ya saka wa Hajiya. Tafiyar minti bakwai ba ta mayar da abin da kik ya ci, balle da AC. Ga abin da za a yi, kuma kada a sayi komai tukuna. A bar motar ta kwana, da safe kafin a tada ta a auna batir: cikakke yana wajen 12.6, in ka ga 12.2 rabi ne, in ya yi ƙasa da 12 ya sauka sosai. A tada ta a auna caji, amma kada rewaya ya ga lambar tana hawa tana sauka ya ce altaneto ya mutu, a irin wannan motar haka yake yi da gangan. Sannan a kulle ta a jira ta yi barci, a sa mita a ga nawa take sha. Lafiyayya ba ta wuce miliamfa 50 ba. In an ga ɗari biyu ko uku, a fara da tirakar.

Kuma don girman Allah kada wani ya cire kan batir inji na aiki wai yana gwada altaneto. A 504 an yi an wuce lafiya. A wannan, wutar da za ta yi tsalle tana iya ƙona maka abin da ya fi batir goma tsada.

Direban Hadeja: Wannan gwajin kam mun yi shi ba adadi.

Rewayan Panteka: Na sani, Baba Direba. Rabin abincina daga wurin masu yin sa yake fitowa.

Injiniya Zazzau: Ƙari biyu. In za a yi mata caji ko jam, a yi ta wuraren da aka tanada a ƙarƙashin bonet, jan kai mai murfi da ƙarfen bodi, kada a maƙala kai tsaye a kan negatif na batir. In ka tsallake IBS, wutar ta shiga bai gani ba, lissafi ya sake karkacewa. Na biyu, Alhaji duba gefen batirin, akwai siririn tiyo da ya kamata a soka a wani ɗan rami, ya fita ta ƙasan mota. Batir a cikin but yake, iskar da yake fitarwa lokacin caji mai kamawa da wuta ce, ga tururin asid. Masu batir na bakin titi ba su cika mayar da shi ba.

Baban Hanif: Na duba. Tiyon yana nan a yashe a ƙasa, ba a soka ba. Har wani farin gari ya taru a kan ƙarfen da ke riƙe batirin. To yanzu na gane warin da Maman Hanif ke cewa tana ji in an buɗe but.

Maman Ilham: Kullum mata ke fara ji, ba a dai saurare mu ne.

Shugaban Zaure: Masu turo tallan fili da atamfa a tsakiyar magana, na goge. Wanda ya sake zan fitar da shi. A ci gaba.

Baban Hanif: Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto bayan kwana huɗu. Mun yi yadda Rewaya ya ce. Da safe batir 12.1. Da aka shiga kwamfuta, motar na rubuce da 90Ah AGM kamar yadda ya faɗa, kuma kilomitar rajista ta ƙarshe tun motar na waje ce, wato batir biyun da na saya duk ba ta san da zuwansu ba. Shan wuta bayan ta yi barci ya kusa miliamfa 200, da aka cire tirakar ya faɗo ƙasa da 40. An gwada batirin da na'urar lodi, ya riga ya raunana. Na rufe ido na sayi AGM 90, kuɗinsa ya kusa ninka na mai ruwa, har yanzu ƙirjina na zafi. An soka tiyo, an cire katako, an yi rajista a gabana na ga kilomita ta ta hau. Yaron da na zarga na koma na ba shi haƙuri, ko da yake shi ma bai duba tirakar ba.

Direban Hadeja: To ai ka ji. Tiraka ce ta kashe batir, ba rajista ba. Da an cire ta tun farko da 75 ɗinka na nan da ransa.

Rewayan Panteka: Batirin farko fa? Alhaji, yaushe aka saka tirakar?

Baban Hanif: Bayan na sayi na biyun ne, da kamar wata guda.

Rewayan Panteka: Baba Direba, na farkon da ya mutu a wata tara babu tiraka, wa ya kashe shi?

Direban Hadeja: Jabu aka sayar masa. Ko wanda ya shekara a shago.

Injiniya Zazzau: Wannan ma mai yiwuwa ne, kuma ba mu da gawar balle mu bincika. Alhaji, sabon dai ka duba kwanan watan da aka buga a jikinsa ka ajiye rasit. Tirakar kuma in za a mayar, a nemo mai ƙaramin ci, kada a ɗaura ƙafarta a kan negatif na batir, a kai ta bodi don IBS ya riƙa ganin abin da take sha. Sati-sati kuma ka ba motar tafiya mai ɗan tsawo, ko Zariya ka zo mu gaisa.

Hajiya Babba: Tunda ana maganar, C300 ɗin ɗiyata ta rubuto wani saƙo a dashbod wai ƙaramin batir ya samu matsala. Mun buɗe bonet batir ɗaya muka gani. Ina na biyun yake ɓuya, kuma shi ma sai an yi masa rajistar?

Rewayan Panteka: Hajiya, ta wace shekara ce? Turo hoton dashbod ɗin da na takardar da ke jikin ƙofar direba, wurin ɓuyansa ya danganta da shekarar. In na idar da la'asar zan duba.